Da gaske gwamnatin Amurka na karɓar tsohuwar mota ta rage maka dala 4,500?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimci tambayarka da kyau, kana zaune a Amurka, kana da Ford Explorer ƙirar 2004 wadda shan man da take yi ya ishe ka, sai wani ya ce maka ai gwamnati na da shirin da zaka kai tsohuwar motarka wajen dila a rage maka dala 4,500 cikin kuɗin sabuwa, shine kake son sanin ko maganar gaskiya ce, in gaskiya ce ya ake yi, ko kuwa gara kawai ka loda ta a jirgi ka turo gida.

Toh wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, sai dai labarin nasa ya kwana biyu sosai. An yi shirin da gaske amma a 2009 ne, kuma ko wata biyu bai cika ba aka rufe shi, tun daga nan gwamnatin tarayya bata sake yin irinsa ba. Lokacin ina aiki a wani kamfanin dillancin motoci, ɓangaren gareji, kafin daga baya na koma harkar sayen motocin gwanjo, dan haka a gabana aka yi abin tun daga farko har ƙarshe. Zan ɗan tsawaita ka yi haƙuri, saboda har yanzu akwai ƙananan shirye-shirye masu kama da shi a wasu jihohi, kuma akwai diloli da ke amfani da sunan suna jawo mutane, in ka gane yadda na asalin ya yi aiki babu wanda zai ruɗe ka.

Abin da ya kawo shi, a Yulin 2008 galan ɗin fetur ya haura dala 4, abin da Amurkawa basu saba gani ba, kafin a farfaɗo daga wannan sai tattalin arziki ya rushe, bankuna suka daina bada bashi, mutane suka rasa aiki da gidaje. Kasuwar da ake sayar da sabbin motoci sama da miliyan 16 a 2007 ta dawo miliyan 10 da ɗoriya a 2009. Chrysler ta shiga kotun fatara ƙarshen Afrilu, General Motors ta bi ta ranar 1 ga Yuni. Jamus ta riga ta fara nata shirin tun Janairun shekarar, tana bada yuro 2,500 ga duk wanda ya kai motar da ta shekara 9 aka murƙushe ya sayi sabuwa, Ingila ma ta fara nata a watan Mayu da fam 2,000, rabi daga gwamnati rabi daga kamfanin motar. Ganin haka majalisar Amurka ta yi nata dokar, Obama ya sa hannu ranar 24 ga Yuni 2009. A takarda sunansa CARS, amma kowa Cash for Clunkers yake ce masa, wato kuɗi a madadin akwala, kuma hukumar NHTSA da ke ƙarƙashin ma'aikatar sufuri ita aka ɗorawa aikin. Buri biyu aka haɗa a guri ɗaya, a tada kasuwar mota, a kuma kwashe motoci masu zuƙar mai daga kan titi.

An ware dala biliyan 1 da tunanin zata kai har watan Nuwamba. Aka fara karɓar takardu a makon ƙarshe na Yuli, wallahi cikin kwanaki kaɗan kuɗin suka kusa ƙarewa, sai da majalisa ta yi gaggawar ƙara biliyan 2 a farkon Agusta, su ma ranar 24 ga Agusta da ƙarfe 8 na dare aka ce a tsaya. Motocin da aka karɓa sun kusa 700,000.

Sharuɗɗan kuwa ba kowace akwala ake karɓa ba, nan ne mutane da yawa suka sha mamaki. Dole motar ta kasance bata kai shekara 25 ba, dole tana tashi tana tafiya da ƙafarta ba janyo ta aka yi ba, kuma dole a lissafin hukumar kare muhalli ta EPA bata wuce mil 18 a galan ɗaya ba, wato in ka mayar da shi lissafin gida wajen kilomita 7 da rabi kenan a lita. Lura, ba abin da motarka ke sha a zahiri ake dubawa ba, lambar da hukuma ta rubutawa wannan ƙirar ita ce hujja, ko da taka ta tsufa tana shan ninki biyu, in a takarda 19 aka rubuta shikenan ka fita. Akwai ma waɗanda aka yi wa ba zata, dan ana gab da farawa EPA ta sabunta alƙalumanta, wasu motocin da jiya suna kan 18 aka wayi gari sun koma 19, wasu kuma suka sauko suka shiga. Sannan dole motar ta yi shekara ɗaya cur da rajista da sunanka, da inshora wadda bata taɓa yankewa ba a cikin wannan shekarar. An sa wannan ne dan kar mutum ya je ya sayi akwala dala 500 yau gobe ya kawo ta ya karɓi 4,500.

Wannan sharaɗin na inshora shi ya fi kada talakawa. Na tuna wani dattijo da ya zo da Dodge Caravan, ya zo da matarsa da jikarsa, sun riga sun zaɓi mota har kala, yarinyar ta shiga baya ta zauna tana taɓa kujeru, aka zo duba takardu sai aka ga lokacin sanyi da aka sallame shi daga aiki inshorarsa ta tsaya na 'yan makonni kafin ya ci gaba da biya. Ya yi bayani, ya nuna takardar sallamar, manaja ya ce shi ba abin da zai iya, in ya tura a haka gwamnati bazata biya ba. Haka ya tattara takardunsa cikin ambulan ɗin da ya zo da su ya koma cikin Caravan ɗinsa. Mutumin da ya fi kowa buƙatar mota mai sauƙin mai kenan fa.

A ɓangaren wadda zaka saya kuma, sabuwa dal kawai aka yarda, ta hannu bata ciki ko da shekararta ɗaya, kuma farashinta na kamfani kar ya wuce dala 45,000. In ƙaramar mota ce dole ta kai mil 22 a galan, in ta fi tsohuwarka da mil 4 zuwa 9 a baka 3,500, in ta fi ta da mil 10 ko sama a baka 4,500. Jip da a-kori-kura an sassauta musu, sabuwar ta kai mil 18, bambancin mil 2 ya isa a baka 3,500, mil 5 kuma 4,500. Explorer irin taka tana wajen mil 15 ne, dan haka da a lokacin ne ka ɗauki Corolla da 4,500 ɗin ka samu cif. Kuɗin kuma ba a hannu ake baka ba, dila ne zai cire daga farashi nan take, shi kuma ya bi gwamnati bashi. Mutum ɗaya sau ɗaya, kuma sunan da ke kan tsohuwar shi zai hau kan sabuwar.

Yanzu ga wajen da nake so ka tsaya ka karanta sau biyu, dan shine duk maganar. Wannan 4,500 ɗin ba ƙari bane a kan kuɗin motarka, madadin kuɗin motarka ne. A ciniki na yau da kullum in ka kai tsohuwa dila zai yi mata kuɗi ya cire, saboda zai gyara ta ya sayar ko ya kai gwanjo. A wannan shirin bazai iya sayar da ita ba, murƙushe ta za'a yi, dan haka darajarta ta kasuwa ta zama sifili, abin da ya rage sai kuɗin ƙarfe, wanda doka ta ce dila ya gaya maka nawa ne kuma yana da damar riƙe dala 50 a ciki na ɗawainiya. Kaga kenan in motarka a kasuwa tana yin dala 1,000 ka karɓi 4,500, ribarka ta gaskiya 3,500 ce. In tana yin 4,000 ribarka 500 ce kacal. In kuwa tana yin 6,000 toh ka yi asarar 1,500 kana murna. A 2009 Explorer ta 2004 shekararta biyar ne, mai lafiya tafi ƙarfin 4,500 nesa, da ka kawo min ita lokacin da cewa zan yi maida abarka gida. Waɗanda shirin ya yi wa rana su ne masu ƙirar shekarun 1990 da suka ci mil dubu ɗari da wani abu.

Kuma ko ribar ta fito, sai ka tambayi kanka da ma ina da niyyar sayen sabuwar mota? Corolla a lokacin wajen dala dubu 16 zuwa 17 take, cire 4,500, saura wajen dubu 12 banda haraji da kuɗin takardu. Wanda ke da kuɗinsa a ajiye, da ma yana shirin saye ƙarshen shekara, shi kam ya tsinci dami a kala, ba abin da za'a ce masa sai barka. Amma da yawa da na gani ba haka suke ba, mutum yana hawa motar da ya gama biya tuntuni, ba wanda ke binsa ko sisi, inshorarsa mafi araha, ya ji ana rabon kuɗin gwamnati ya rugo dan kar a yi babu shi, ya fita da bashin shekara biyar a wuya, ga kuɗin ruwa, ga banki zai tilasta masa inshora mai cikakken rufi wadda ta fi tsada sosai, duk a shekarar da ake korar mutane daga aiki kullum. Garin neman gira a rasa ido kenan. Mu kuma da muke kaffa-kaffa da bashin ruwa saboda addini sai abin ya ƙara nauyi, na san 'yan'uwa da suka cika duk sharuɗɗa amma suka haƙura saboda basu da cikon a hannu kuma bazasu ci bashin ba, ni dai ban ga sun yi asarar komai ba.

Wani abu kuma da ba'a cika faɗa ba, lokacin da kowa ya yi ca a kan ƙananan motoci sai ragin da diloli suka saba yi ya ja baya. Corolla da Civic da Focus suka yi ƙaranci a fili, wanda a watan Mayu zai tsaya ya yi ciniki a sauke masa, a watan Agusta ce masa ake in baka so ga wani a bayanka. Doka ta ce kuɗin gwamnati ƙari ne a kan duk ragin da kamfani ke yi, ba'a yarda a maye ɗaya da ɗaya ba, amma ragin baki na ciniki ai ba wanda ya isa ya tilasta shi. Shi yasa har gobe shawarar da nake bawa kowa ita ce ka fara gama cinikin sabuwar tukuna a rubuta farashi, sannan ka ɗago maganar tsohuwa ko wani rangwame, in ka haɗa su a baki ɗaya za'a baka da dama a karɓe da hagu.

Diloli ma sun ji jiki, kar ka ɗauka su daɗi kawai suka sha. Kowace mota takardu ne tuli da za'a ɗora a shafin gwamnati, shafin yana ta tsayawa, ma'aikatan ofis suna kwana suna lodi, kuskure kaɗan a dawo da fayil, ga kuɗinka ka riga ka cirewa mai saye. Dila mai mota ɗari a layi yana bin gwamnati kusan rabin miliyan kenan, wasu tun kafin ranar rufewa suka ce sun daina. Da farko ka'ida ita ce a kashe injin kafin a tura takarda, da aka ga in an ƙi biya dila ya tashi a tutar babu, ba mota ba kuɗi, sai aka sassauta aka ce ya jira kuɗi su shigo sannan ya kashe. Shi yasa filin bayan garejinmu ya cika maƙil da motoci an rubuta musu lamba a gilashi suna jiran ranarsu.

Kashe injin nan shine aikin da ya faɗo kanmu, kuma har yau bana son tuna shi. Zaka kwance ƙasa ka tsiyaye baƙin mai tas, ka mayar da noti, sai ka zuba wajen lita biyu na wani ruwa da ake kira sodiyam silket a inda ake zuba baƙin mai, ka tada mota ka taka totur ka riƙe allura a wajen 2,000. Zafi na kama ruwan sai ya ƙafe ya zama kamar garin gilashi a cikin beyarin da fistin. Da farko ba abin da zaka ji, sai can ƙara ta fara canzawa, ƙwas ƙwas daga ƙasa, wari ya taso, allurar zafi ta haura, motar ta ɗan yi jijjiga sai tsit. Ka jira minti ɗaya ka sake murza makulli, in ta tashi ka maimaita har sai ta ƙi. Wasu minti biyu sun mutu, wasu musamman tsofaffin injuna masu silinda takwas (V8) na Ford da Chevrolet sai su yi ta fama suna ƙin mutuwa, kana tsaye kana jin injin da ba abin da ya same shi, wanda mai shi ya yi shekara goma sha yana canza masa mai a kan lokaci, ga takardun sabis ɗinsa ma a aljihun gaba. Bayan nan a manna takarda a jikin injin cewa an lalata shi kar wanda ya yi amfani da shi, a rubuta a takardar mallaka cewa motar ta zama bola, a shigar da lambar casis a rumbun bayanan ƙasa. 'Yan gwangwan da suka ɗauka an basu kwana 180 su cire abin da zasu iya sayarwa, ƙofa, fitila, gilashi, kujera, amma banda inji, sauran gangar jikin a murƙushe. Duk wanda ya taɓa shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya ga yadda ake tada injin da aka fidda rai da shi, zai gane abin da nake ji a raina lokacin.

Amma gaskiya a faɗe ta, suna da dalilinsu. In aka bar injin da rai motar zata zagayo ta dawo titi, ko a can ko a wata ƙasa, an biya kuɗin jama'a a banza kenan. Jamus ta ga haka, dan su basu sa dokar kashe inji ba, takardar shaidar murƙushewa kawai ake kawowa, daga baya ƙungiyar jami'an binciken laifuka ta ƙasar ta ƙiyasta cewa motoci har 50,000 da aka karɓi kuɗinsu a matsayin an murƙushe sun sulale zuwa Afirka da gabashin Turai. Ba mamaki wasunsu ta Kwatano suka bi suka zama Beljiyam a hannun mutanenmu. Amurka kuwa ta toshe ƙofar tun daga gareji.

Toh ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A ɓangaren mai, matsakaicin motocin da aka karɓa mil 15.8 suke yi a galan, waɗanda aka saya 24.9. Wadda aka fi kawowa ita ce irin taka, Ford Explorer, sai F-150 da Jeep Grand Cherokee da Dodge Caravan, wadda aka fi saye Toyota Corolla, sai Honda Civic da Camry da Ford Focus da Hyundai Elantra, har wasu 'yan siyasa suka yi ta ƙorafin an kwashi kuɗin Amurkawa an bawa kamfanonin Japan, duk da yawancin Corolla da Camry da Civic ɗin a nahiyar Amurka ta Arewa ake haɗa su. Mai tafiyar mil 12,000 a shekara da ya tashi daga 15.8 ya koma 24.9 ya rage galan wajen 277, sama da lita dubu kenan, a farashin lokacin wajen dala 700 a shekara. Kuɗi ne, amma ka auna shi da biyan wata-wata na sabuwar mota zaka ga bai rufe ko rubu'i ba. A ɓangaren tada kasuwa kuma, masana tattalin arziki biyu, Atif Mian da Amir Sufi, sun bi alƙaluman gari-gari suka gano an samu ƙarin ciniki kamar mota 360,000 a Yuli da Agusta, amma cikin watannin da suka biyo baya cinikin ya faɗi har ya cinye kusan duk ƙarin, wato mutanen da da ma zasu saya ne suka matso da sayensu kusa. Kamfanin Edmunds ma ya yi nasa lissafin ya ce mota 125,000 ne kawai ba dan shirin ba da ba'a saya ba, in ka raba kuɗin a kansu kowace ɗaya ta ci wa gwamnati dala 24,000, fadar White House ta musanta wannan lissafin da zafi. Ni abin da na gani da idona shine watan Satumba wajenmu ya zama kufai, masu talla suna zaune suna kallon titi.

Ana yawan cewa shirin ne ya tsadar da motocin hannu daga baya. Ni a ganina an ɗora masa fiye da laifinsa, mota 700,000 a ƙasar da ke da wajen miliyan 250 ba ita zata juya kasuwa ba, babban dalilin shine shekara biyu zuwa uku ba'a sayi sabbi da yawa ba, dan haka na hannu suka yi ƙaranci daga baya. Inda ya taɓa da gaske shine ƙasan kasuwa, motar dala 1,500 zuwa 3,000 da sabon zuwa ko mai ƙaramin aiki ke fara rayuwa da ita, da kuma injin hannu na waɗannan ƙirar da mai gyara zai nema ya rasa. Abin da ya fi ci min rai kenan da tsarin, da an yarda mutum ya bada akwalarsa ya ɗauki Corolla ta hannu mai shekara uku da an rage shan man kusan daidai, kuma da irin dattijon nan sun samu shiga.

Akwai wani lissafi da zai amfane ka ko babu wani shiri. Mutane na ɗauka ƙarin mil 10 a galan ko'ina ɗaya ne, ba haka bane. A mil 12,000, wanda ya tashi daga 14 ya koma 18 ya rage galan 190, wanda ya tashi daga 30 ya koma 40 galan 100 kawai ya rage. Kai da kake kan 15 kana ƙona galan 800 a shekara, in ka koma motar da ke yin 30 ka dawo 400, rabi cif, kuma ba sai sabuwa ba, Corolla ko Civic ta hannu mai lafiya zata baka kusan haka.

Game da yau, baka faɗi jihar da kake ba kuma komai ya rataya a kan haka. Kalifoniya na da shirin da hukumar kula da gyaran motoci ta jihar ke biyan mutum ya ajiye tsohuwar motarsa a murƙushe, da wani mai suna Clean Cars 4 All na masu ƙaramin ƙarfi da ke son komawa motar lantarki ko mai haɗin lantarki da fetur, kuma shi ya yarda da ta hannu. Kolorado ta fara nata a 2023, ka bada motar da ta shekara 12 ko wadda ta faɗi gwajin hayaƙi a rage maka kuɗin motar lantarki, shi ma ana duba abin da kake samu a shekara. Adadin kuɗin da sharuɗɗan suna canzawa kuma kason na ƙarewa, dan haka shafin gwamnatin jiharka zaka shiga, wanda adireshinsa ya ƙare da .gov, kuma kar ka kai motar ko'ina sai an amince da takardarka a rubuce, dan yawancinsu in ka riga ka saya kafin amincewa ka fita. Rangwamen harajin dala 7,500 na motar lantarki da gwamnatin tarayya ke yi shi ma ya ƙare ƙarshen Satumbar 2025, kuma da ma shi bai shafi bada tsohuwa ba. In ka ga allon dila an rubuta shirin ya dawo, ko kawo ta ko da turawa ne mu baka dubu kaza, wannan tallarsa ce shi kaɗai, abin da ya ƙara maka a tsohuwa yana nan ya ɓoye shi a farashin sabuwa ko a kuɗin ruwa. Duk shafin da ya ce ka yi rajista ka sa lambar Social Security ɗinka, wato lambar shaidarka ta gwamnati, dan a saka ka a layi ka rufe shi, ko a 2009 an yi irin waɗannan na bogi alhali shirin gaskiyar baya buƙatar wata rajista.

Maganar turowa gida kuma, ni bazan baka shawarar haka ba a kan wannan motar. Najeriya na da iyakar shekarun motar da za'a shigo da ita kuma ƙirar 2004 ta daɗe da wucewa, ta kan iyakar ƙasa ma an hana shigo da mota a Janairun 2017. Ko ka samu hanya, kuɗin jirgi da na kwastan da na kiliyarin zasu ninka darajar motar, sannan ka kai wa wa? Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 mai jip mai silinda shida a gida neman wanda zai sauke masa yake, motar da lita ɗaya bata kai ta kilomita 7 ba ɗan'uwan da ka bawa sai dai ya kafe ta a ƙofar gida, ga kayan gyaran Ford ba kamar na Toyota bane da zaka samu a kowane lungu, giyar Explorer na waɗannan shekarun kuma da ma an san ta da ciwo. In taimako kake son yi, kuɗin da zaka kashe a jirgi ka tura a saya masa ƙaramar mota a can.

Abin da zan yi in ni ne, in fara duba shirin jiha, in babu ko ban cancanta ba sai in nemi farashi waje uku, wajen dila, wajen masu sayen mota ta intanet, da wajen 'yan gwangwan, sannan in sa ta a Facebook Marketplace da ɗan sama da mafi tsadar ukun, dan mota mai tashi da tafiya kusan kullum mai saye kai tsaye yafi dila biya. Ka ɗauki hotonta bayan wanki, ka faɗi aibinta tun a rubutu, ka karɓi kuɗi a hannu ko a cikin banki, ka cike takardar canjin mallaka ka sanar da ofishin rajistar motoci na jiharka ranar da ka sayar dan kar tarar wani ta biyo ka, lambar mota kuma ka duba ko a jiharku cirewa ake. Wadda zaka saya ka biya makaniki naka ya ɗaga ta ya duba ƙasa kafin ka bada ko dala ɗaya, musamman tsatsa in jihar ƙanƙara ce da ake zuba gishiri a titi. Ka turo min sunan jihar da mil nawa motar ta ci da ko fitilar inji na kunne, sai in faɗa maka kusan abin da zata yi.